Waƙar Dashe a Bakin Abdussalam

Shekara huɗu ke nan Abdussalam na karatun fiƙihu a Alƙahira. Kawunsa Alhaji Ismail ne ya ɗauki nauyinsa, bisa sharaɗin in ya koma Kura shi zai karɓi limancin masallacin gidansu. In babu limanci, babu karatu.

Abin da kawun bai sani ba, duk Alhamis bayan la'asar Abdussalam na hawa bene na shida a unguwar Ard al-Liwa, ɗakin Tarig, wani Bahaushen Sudan, yana sa wa tsoffin finafinan Japan muryar Hausa. Marasa kala ne, na barkwanci da waƙa: manoma cikin taɓo har gwiwa, suna dashen shinkafa suna tsokanar mai gari. Tarig ke ɗorawa a intanet da sunan bogi.

Abdussalam yakan ce nishaɗi ne kawai. Ƙarya yake. A cikin taɓon nan yake ganin kansa, ba bisa mumbari ba.

Ranar da wata waƙar dashe ta gagare shi fassarawa, sai ya rera wadda mahaifiyarsa ke yi wa 'yan gayya, har da kirarin kakansa.

Bayan wata biyu kawun ya zo Alƙahira ganin likita. Suna zaune a wani shagon shayi a Wustul Balad, tsakiyar birnin, kawun ya ajiye wayarsa tsakanin kofuna, ya danna. Waƙar ta tashi.

"Matan gida sun ishe ni da wannan," in ji Alhaji. "Wa ya koya wa Japanawa kirarin Baba?"

Abdussalam ya ajiye kofinsa.

"Kawu, ma'alish..."

"Ajiye mini larabcin nan. Tambaya na yi."

"Ni ne."

"Na sani, ja'iri. Muryar da nake ji tun tana zanin goyo ce za ta ɓace mini?" Ya matso da kujerarsa. "Masallacin, kana so ko ba ka so? Ban da 'Allah ya kai mu'."

Amsar da ya saba bayarwa ta zo har leɓe. Abdussalam ya haɗiye ta.

"Ba na so, Kawu."

Alhaji ya kashe wayar. 

"Karatun ka ƙarasa shi, ba zan yanke ba. Amma jama'ar masallaci, da bakinka za ka gaya musu in ka zo hutu. Ni ba zan ɗaukar maka wannan kunyar ba."

Alhaji ya miƙe. Abdussalam ya kai hannu zai ɗaukar masa jakar magungunansa, kawun ya janye ta, ya tare tasi da kansa.