Ni da Taubashina da Fim Ɗin Mai Agwagwa

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idon dama, na hagu ma ya soma bin sahu, likita a Damagaram ya ce za su kankare mini, amma ranar aiki in zo da wanda zai riƙe mini hannu. In na zo ni kaɗai, in ji shi, ba za su taɓa ni ba. Na dawo Gure ina tunanin mutanen da nake da su, kafin in kai ƙofar gida sun ƙare. Matata ta koma gidansu tun bara waccan, ta ce ta gaji da bakina. Ƴaƴana maza suna can arewa wajen haƙar zinariya, waya sai sun ga dama. Sana'ata gyaran rediyo ce, wadda portabul, wayar hannu, ta kashe, mu biyun da muka rage a cikinta kuma ba ma gaisawa.

Saura taubashina, ɗan kawuna. Ƙato ne, mai garka a wani kwari wajen Gidigir, rogo da albasa da dabino. Bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci. Tun muna yara yake ce mini bawansa, nake ce masa bawana, ba irin zagin da ba mu yi wa juna ba a gaban iyayenmu suna dariya. Haka taubasai suke, ba fushi a tsakani.

Da ya ji labarin idon, ya zo har gida. Ya ce, "Bawana, an ce ka makance. Sai in ɗaura maka igiya in ja ka Damagaram."

Na tuna tsawon hanyar, na tuna surutunsa. Sai na gyara zama na ce, "Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kada ka wahalar da kanka."

Ya ɗauki takalmansa ya fita. Da uwarsa na zaga, ita da take matar kawuna, da dariya zai yi ya rama. Amma na yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Daga ranar, in mun haɗu a kasuwa sai ya ce, "Malam, ina wuni? Ya jiki?" ya wuce. Malam! Ni da ban kai ga jarrabawar sartifika ba mushe, malaminmu na boko, ya kore ni daga lakwal, wato makaranta.

Ranar aiki tana matsowa, ban samu kowa ba. Wata Lahadi bayan la'asar na je rumfar mai shayi ta bakin tasha. Yana da tele da ke aiki da hasken rana, in zai sa fim na Faransanci yakan ba ni kujerar gaba don in fassara wa jama'a. Abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in ƙera. Ranar ma ba gani nake sosai ba, inuwoyi biyu ne ke motsi, ɗaya doguwa ɗaya faffaɗa. Taubashina yana can baya a kan benci, ina jin tauna gyaɗarsa.

Fim ɗin na wasu nasara biyu ne, Turawa, da babbar mota ta tafi ta bari, suka haɗu a ƴar ƙaramar mota guda. Dogon ba ya dariya, rungume yake da agogon bango da zai kai bikin ƙanwarsa. Mai ƙibar kuwa agwagwa gare shi a kujerar baya, yana waƙa, yana ci, yana ɓatar da su hanya. Har kogi suka faɗa da motar. A ƙarshe dai sun isa biki a jiƙe, agogo ya mutu, suna rungumar juna.

Ana kashe tele gardama ta tashi. Direban motar Kelle ya ce ƙarya ce, motar da ta sha ruwa haka ba ta tashi, shi da ya san abin da yashi kaɗai yake yi wa inji. Wani Bafillace mai sayar da awaki ya ce a cikinsu duka agwagwar ce mai hankali, ita kaɗai ta san abin da za ta yi da suka shiga kogi. Mai shayi ya ce shi abin da ya dame shi, wane irin mutum ne zai kai wa ƙanwarsa agogo ranar aure, ba ko tabarma.

Ni kuwa na ɗaga murya. Na ce dogon ne mutumin kirki. Ya san lokaci, ya san inda za shi, Allah ya jarrabe shi da wawa. Na ce da ni ne, tun a mararraba ta farko zan sauke ƙaton da agwagwarsa.

Direba ya ce, "Mai rediyo, ai da ka sauke shi, da wa zai fito da kai daga kogin? Dogon nan ko iyo bai iya ba."

Ban ga wannan wurin ba. Na ɗauka dogon ne ya ciro mai ƙibar, haka ma na fassara musu, ashe su suna kallon akasin haka suna ƙyale ni.

Bafillace ya ce, "Ni da in yi tafiya da mai agogon nan, gara in tafi da jaki. Jaki ko haushi yake ji ba ya faɗa maka ƙarfe nawa."

Aka yi dariya. Mai shayi yana zuba mini shayi na biyu ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Baba, ka samu mai raka ka Damagaram kuwa?"

Tauna gyaɗa ta tsaya a baya. Na san duk rumfar ni take kallo. Na so in ce na samu, amma a Gure wa za ka yi wa wannan ƙaryar? Roƙo kuma in na yi da ladabi, na ƙara ɓata abin. Na juya wajen da nake zaton bencin yake.

Na ce, "Kai ƙaton banza, bawan gidanmu, mai ciki kamar buhun albasa! Ana maganar ubangidanka kana zaune kana cin gyaɗa? Talata ka yi wanka, in ka iya, ka zo ka kai ni."

Direba ya ce, "Bangon kake zagi. Yana ta hagunka."

Sai na ji bencin ya yi ƙara. Taubashina ya ce, "Jama'a ku shaida, makahon bawana ya yi kuka na ji. Zan kai shi, don kada dukiyata ta lalace. Amma ni zan zauna bakin taga."

Shi ya zauna bakin taga. Daga Gure har Damagaram bai rufe baki ba. Ya ba dukan motar labarin yadda matata ta tafi, ya ƙara abin da bai faru ba. Ya sa mini buhun rogo a kan cinya, wai tsarabar wani abokinsa. A asibiti ya gaya wa mai jinya cewa gadona ya yi, ba saye ba, da saye ne da ya zaɓi mai lafiya. Bayan aiki ya riƙe mini hannu ya bi da ni ta ɓangaren masu haihuwa da gangan, yana ce musu ga wani ya kawo.

Da aka kwance mini ido, duniya ta fito fes, har na tsorata. Abin da na fara gani kuwa fuskarsa ce, ya matso da ita dab da tawa, da ɓawon gyaɗa a gemu. Na ce wa likita ko za a iya mayar mini da yanar. Ya ce ba a taɓa tambayarsa haka ba.