Ranar da Na Kai Igiya Gandunmu

Wata Asabar ce bayan an gama girbin dawa, shekarar da nake aji shida a firamare, muka fita gona ni da Lami, 'yar Baffana, da sunan za mu kalar gyaɗa. A ƙasan kwandona akwai igiyar gugan gidanmu a nannaɗe, da fensir, da fallen takarda. Malaminmu ne ya ba mu aiki, ya ce kowa ya zana taswirar wani wuri da ya sani, ya zana shi kamar daga sama yake kallonsa, ya sa arewa a saman takarda, kuma kada ya kuskura rumbu ya fi masallaci girma. 'Yan ajinmu duk hanyar gida zuwa makaranta suka zana a zaune. Ni kuwa ba na iya magana a aji, ko abin da na sani aka tambaye ni sai murya ta maƙale, don haka a takarda nake ramawa. Na zaɓi gandunmu, na ƙudurta ba zan zana komai da ka ba. Lami ta riƙe bakin igiya a gindin kukar da ke gabas, ni na ja zuwa yamma, inda ta ƙare in kafa kara, mu sake ja. Tsawon igiya guda ya zama faɗin ɗan yatsa a takarda. Na sa kukar, na sa ɗorawa, na sa burtalin shanu da ya bi ta kudu, na ɗiga 'yar turbar da ta ratsa tsakiyar gonar, wadda muke bi in mun kai abinci. Lami tana ta yi mini tsiya, wai ko kaza ta taka tawada za ta fi ni zane.

Kakanmu ya rasu tun ban shiga makaranta ba, amma ba a raba gonar ba. Baffa Sale, yayan Babana, shi ke riƙe da gandun. Da safe maza su yi noma tare, da yamma kowa ya wuce 'yar gayaunarsa. Rumbu ɗaya ake ɗiba, Innata da matar Baffa suna girki bi da bi, mu yara mata kwano ɗaya muke sa hannu, mu tashi mu yi gaɗa a dandali. Abin da ban sani ba shi ne, a garinmu Kademi ba a kai igiya gona sai za a raba gado ko za a sayar. Kowane babba ya san haka. Ba wanda ya taɓa gaya wa yaro, domin ba a taɓa samun yaron da ya yi ba.

Wani maƙwabcin gonarmu yana ɗaure kara ya hango mu. Da ya ce, yara me kuke yi, da magana ta mutu a nan. Bai ce ba. Ya ajiye karansa ya tafi ƙofar masallaci, ya faɗa a gaban jama'a cewa ya ga 'yar Isa tana auna gandu tana rubutawa.

Muna shiga gida bayan la'asar Baffa ya fizge kwandon daga kaina, gyaɗa ta watse, igiya ta faɗo. Ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallo, ya ɗora yatsa a kan ɗigon turbar nan ta tsakiya, sannan ya kira Babana da sunansa, da muryar da maƙwabta za su ji.

"Ina raye, Isa, ka aika 'yarka ta auna mini gona? Har an ja iyaka? Ai da ka zo da kanka."

"Yaya, aikin makaranta ne."

"Makarantar ce ta ba ta igiya?"

Na buɗe baki in ce hanya ce ba iyaka ba, ko kalma ba ta fito ba. Lami ce ta faɗa, shi kuwa ya tsinke ta da mari, ya ce an mai da 'yarsa 'yar riƙon igiya a ci amanar ubanta. Babana, wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalli yayansa ba, ya durƙusa yana rantsuwa, Baffa ya taka gyaɗar ya wuce.

An sha gaya mini cewa fushi ne ya rufe masa ido. Ban yarda ba. Baffa ba jahili ba ne, ya yi allo har ya sauke, ya san rubutun yaro in ya gani. 'Ya'yansa maza sun tasa, Babana kuwa 'ya'ya mata gare shi, kuma Baffa ya daɗe yana ƙorafin cewa hannayen ɗakinsa ne ke cika rumbun da kowa ke ci. Kunyar fara maganar rabo yake ji, sai ya samu yarinyar da ba ta iya kare kanta ya ɗora mata. Malaminmu ya zo har gida don ya yi bayani, Baffa ko tabarma bai sa an shimfiɗa masa ba.

Garin ma bai rage mini komai ba. Yara suka laƙa mini Safiyo, wato ma'aikacin awon fili. In na je rijiya mata su ce, "Ku ɓoye igiyarku, ga Safiyo nan." A makaranta in malami ya ɗauko taswirar Nijeriya sai aji ya juyo yana kallona ana ƙunshe dariya. Da aka yi hutu Inna ta kai ni wurin danginta a Toranke don in huta da bakin mutane. Ranar da na dawo na tarar da darnin kara ya raba tsakar gidanmu biyu, an fasa mana sabuwar ƙofa ta baya, an sa murhu na biyu. Kafin ruwan shuka dagaci da liman suka je gonar da tasu igiyar. Baffa ya ɗauki ɓangaren da ya gangara fadama, mu aka bar mana jigawa. An hana Lami zuwa sashenmu. Ina jin dakanta ta bayan darni, na san ita ce domin tana da wani luguden da ba wanda ya iya, amma ko sunana ba ta ƙara kira ba.

Yanzu labarin ƙasa nake karantawa a Kano, kuma in na so sai in buɗe waya in ga gonar daga sama. Kason Baffa ya sake rarrabuwa tsakanin 'ya'yansa, kowa da 'yar siririyar gona kamar tsagin tabarma. Da can yarinya takan gaji kafin ta kai ƙarshen gandun da ƙwaryar kunu a ka. Lami tana aure a Ajingi, in mun haɗu wurin suna sai mu gaisa irin gaisuwar baƙi, ta tambayi karatu, in tambayi yara. Baffa ya tsufa. Ina durƙusa masa saboda Babana, shi kuwa har yau bai daina cewa, "Safiyo, an zo?" ba.

Ban yafe masa ba, amma in na shigo gari ƙofar gidansa, tsohuwar ƙofarmu, nake fara kallo.