Ramukan da Bature Ya Bari a Fadamarmu

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, matata na goyon ɗanmu na fari, aka yi shela cewa kowane gida ya ba da namiji guda don aikin Bature. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ne ke riƙe da gida da lambun albasa da jakuna biyu, don haka ni na tafi.

Ƙauyenmu na ƙasar Bodinga ne, ta wajen Danchadi. Akwai rafi da ke bi ta bayan gari, ya ratsa fadamarmu, ya gangara ƙauyukan ƙasar Shagari. Da damina ya cika ya batse, da rani ya tsinke ya bar gurabe, amma ruwa na nan kusa a ƙarƙashin yashi. Kamu uku za ka haƙa ka kafa jigon ɗebo ruwa ka shayar da fangalin lambunka. Da shi muke sha, da shi muke alwala, da shi Fulani ke shayar da shanu.

Baturen na wani kamfani ne da ban taɓa sanin sunansa ba. Wani dutse yake nema a ƙarƙashin ƙasa, bai kuwa ga ya dace ya gaya mana ko wane iri ba ne. Helumansa, wato shugaban leburori, shi ke nuna mana wuri da bulala, mu kuma mu sa diga. Ramuka ne masu faɗin ɗaki, wasu zurfinsu ya kai tsayin mutum huɗu. Idan muka wuce jar ƙasa sai mu tarar da wata laka mai ruwan toka, mai ɗaci kamar an jiƙa kanwa da maɗaci. Ita muke fitarwa a kwanon sarki mu kai bakin rafi, inda Baturen ya sa aka datse ruwa, a wanke, ya tsinci abin da zai tsinta ya zuba a buhu, sauran a tula a nan. Rani biyu muna wannan. A bakin kowane rami ya kafa turken ƙarfe mai lamba. Wata safiya muka je muka tarar an naɗe tanti, mota ta tafi. Ya bar mana ramuka a buɗe, da tulin laka kamar tsaunuka a bakin ruwa, da durom biyar na baƙin mai da suka fara yoyo.

Ko sallama bai yi wa mai gari ba.

Ruwan farko ya kwashi lakar nan ya shimfiɗa mana ita a fadama. Rafin ya koma kamar ruwan tsarin surfe. Mata suka fara dawowa daga ɗiban ruwa suna tofar da yawu. Yara suka kama gudawa, ɗana har da shi, muka yi ta ɗura masa jiƙo yana ramewa a hannun uwarsa, Allah dai ya yi da sauran kwanansa. Ramukan kuma suka cika da ruwa kore, masu kiwo na sha don shi ne kusa, kafin shekara ta zagayo kurkunu ya kwantar da mutane a tsakiyar noma. Da rani muka dasa albasa, ganyen ya yi rawaya tun yana kamar allura, ya kwanta.

A damina ta biyu ne abin ya shigo har cikin gidanmu. Ciyawa ta rufe bakin ramukan, turakun ma sun ɓace a cikinta. Yayana na dawowa daga kasuwa da hantsi, yana biye da jakinsa, jakin ya ratse don wata ciyawa, ya bi shi ya koro. Bakin ramin ya zabtare da su duka biyun. Jakin ya mutu nan take. Yayana muka fito da shi da igiya, bayansa a karye. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya aza wa jaki, ya koma sai an juya shi a tabarma. Ni kuwa na san ramin nan. Da hannuna na haƙa shi. 

Ana cikin wannan sai ga mutanen ƙasar Shagari, sun kai talatin, da sanduna. Duk abin da ya wuce ta kanmu a kansu yake sauka. Suka tsaya a ƙofar mai gari, wani dogo a cikinsu ya ɗaga gora cike da ruwan rafi ya tuttular a gabanmu.

"Ku sha!" in ji shi. "Ku kunka gina ramun ga, ku kunka ɓata muna ruwa. Shanunmu na zawo, ɗiyanmu na zawo. Mi munka yi muku?"

Raina ya ɓaci, na ce, "Da son ranmu munka gina? Ina kuke sa'ad da bulala ka sauka bayanmu? Taho in gwada maka yayana!"

Saura kaɗan a ba hammata iska. Wani tsoho da ya zo tare da su ya shiga tsakani. Maginin rijiya ne daga wajen Kajiji, gajere, yatsunsa duk sun kanannaɗe don aikin ƙasa. Bai ɗaga murya ba.

"Wanda yab ɓata ya tai gida shina shan ruwa mai kyau," in ji shi. "In kunka fasa kawunan juna, rami guda ba ya cikewa. Ni na san ƙasa. Abin da anka fitar shi za a maida, lakar ƙasa, jar ƙasa bisa. A tai a gaya ma manya tukuna, in sun ƙi, mu yi."

Aka kai kuka. Da Baturen gwamnati ya zo rangadi, mai gari ya tafi da mu, muka zube, muka faɗi komai. Yana zaune a kujerar tafi-da-gidanka, wani na yi masa fifita. Ya saurara, ya yi rubutu kaɗan, tafinta ya juyo ya ce mana Bature ya ji, amma wannan aikin kamfani ne, ba na gwamnati ba, kuma za a rubuta takarda. Na ce, "Ranka shi daɗe, da anka zo ɗibar mu aiki, dogarai anka aiko, ba kamfani ba." Tafintan ya harare ni, bai ma juya maganar ba. Wannan shirun nasa ya fi bulalar heluma yi mini ciwo.

Muka jira takarda har aka gama girbi. Ba ta zo ba. Sai tsohon ya kira gayya. Ƙauyuka bakwai suka amsa, na Bodinga da na Shagari, da Fulanin da ke mashekari kusa da mu. Maza da shebur da kwanduna, mata da fura da ruwan da suka ɗebo daga rijiya mai nisa, makaɗa biyu na zuga mu. Dogon nan da ya zubar mana da ruwa, ni da shi muka riƙa kama kwando ɗaya. Mun cike rami uku a kwana huɗu.

Rana ta biyar sai ga masinja da dogarai biyu. A ƙarshe dai takarda ta zo. Masinjan ya buɗe ya karanta: wurin nan har yanzu yana hannun kamfani, duk wanda ya taɓa turakun lamba ya karya doka.

Na yar da shebur. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ce, "Shekara biyu muna shan guba ba ku ga takarda ba, yau da munka ɗauki kwando ta fito? Turken ƙarhe ad da mai tsaro, mutum ba shi da?" Na kama turken da ke kusa na girgiza shi har na tumɓuke, na jefa a gabansu.

Aka ɗaure ni da igiya, aka tasa ni a gaba a ƙasa har Bodinga. Kwana tara na yi a tsare, aka yi mini bulala goma sha biyu a bainar jama'a, don turke. Wanda ya karya bayan yayana kuwa ko sunansa ba a kira ba.

Da na dawo na ɗauka zan tarar an watse. Sai na hango ƙura a fadama. Tsohon ya tarye ni yana murmushi, ya nuna mini turakun da haɓa. Ashe bayan an tafi da ni ya sa masinjan ya sake karanta takardar har sau biyu a gaban mutane, ya tambaye shi, "Turaku tac ce, ko ramu?" Masinjan ya duba ya ce turaku. Tsohon ya ce to, madalla. Suka ci gaba da zuba ƙasa, suka bar kowane turke a tsaye inda yake, ba wanda ya ko shafe shi. Dogaran ma 'yan ƙasar nan ne, ruwan nan danginsu ke sha, suka kau da kai.

Rani uku muka yi muna wannan aiki, tsakanin girbi da saukar ruwa. Cike ramu ne mai sauƙin. Wahalar ita ce kankare lakar da ta shimfiɗu a cikin rafi, muna tsaye cikinta har gwiwa, ƙafafunmu na tsagewa suna jini. Durom ɗin man kuwa muka mirgina su can kan fako, nesa da ruwa, muka binne a cikin marmara. Tsohon ya sa aka dasa ciyawar gamba da jema a gaɓa don su riƙe ƙasa, ya kuma gina mana rijiya biyu a sama da wurin, ɗaya tamu, ɗaya ta mutanen Shagari.

Yayana bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a rani na biyu. Kullum na dawo da yamma sai ya tambaye ni saura rami nawa, in faɗa masa, ya ce, "Ku dai danne shi da kyau, kada shi lotsa da wani."

Rafin ya dawo, amma ba duka ba. A shekara ta huɗu aka sake ganin tarwaɗa a gurabe, mata suka koma wanki. Gefen fadama na ƙasa, inda lambunmu yake, bai ƙara yin albasa ba. Na gwada taki, na gwada toka, na juye ƙasar da galma har sau uku. Dole na koma aron fangali a wurin surukaina, ni da ke da gadon lambu tun kakanni, ina ciyar da gida biyu.

Bayan wasu shekaru aka turo mana duba-gari mai kula da tsabta, wani saurayi mai gajeren wando da hular kwano, tare da wani sabon Bature. Aka tara mu a gindin tsamiya. Saurayin ya ce an lura mutanen wannan yanki na yawan ciwon ciki saboda rashin tsabta da jahilci, ba su san darajar ruwa mai kyau ba. Ya ciro ƙyalle fari ya nuna mana yadda ake tace ruwa a bakin tulu.

Na miƙe tsaye. Mai gari ya ja mini riga, na fizge. Na cire takalmina na fata, na ɗaga tafin ƙafata mai tsaguwa na nuna wa saurayin, na ce ya gaya wa ubangidansa ya duba da kyau, a nan muka koyi darajar ruwa, kuma ba da ƙyalle ba. Shi kam saurayin ya juya wa Baturen maganar. Baturen ya dubi ƙafar, ya dubi agogonsa, ya ce a ci gaba da bayani. Na sa takalmina na bar wurin, mutum shida suka tashi suka biyo ni.