Alhaji Halilu Mai Kujerar Ƙarshen Sahu

Alhaji Halilu ba da tumbi aka haife shi ba. Mutanen ƙauyensu, Dauran, da suka san shi yana yaro sun ce in ya tsaya cikin gona sai ka rasa wane ne shi, wane ne karan dawa. Da wannan jikin ya shigo Kaura Namoda ya kama dako a kasuwar hatsi. Daga dako ya koma awo, daga awo ya zama dillali, ya samu rumfa da benci. Tun ranar da ya zauna kan bencin nan cikinsa ya shiga fanshe duk yunwar da ya sha a ƙauye. Wuya ya ɓace. Tela ya ƙara yadi. In ya hau kabu-kabu, sai mai babur ya leƙa taya kafin ya ce bismillah.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Taubashinsa Zayyanu, ɗan kawunsa, wanda gidajensu ke kallon juna, shi ma haka ya cika ya batse. Gwiwoyi suka gaza musu kusan lokaci guda. A masallacin unguwa aka ajiye musu kujerun roba biyu a ƙarshen sahu, suna sallah a zaune, sujadarsu ɗan sunkuyar da kai. Abin yana cin Halilu a rai, don yana marmarin goshinsa ya taɓa ƙasa kamar na kowa. Amma tunda su biyu ne, da sauƙi.

Sai Zayyanu ya ci amana. Jiri ya kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne, ya rage tuwo da mai, ya ƙara ganye, ya riƙa tafiya a ƙasa. Wai kuma mutumin nan ya ji magana! Kullum bayan asuba yana bin gefen layin dogo yana haki. Damina ta wuce, kaka ta shigo. Wata magariba Halilu ya shiga masallaci ya tarar kujera ɗaya ce ta rage. Ga Zayyanu can a sahun gabansa, ya yi ruku'u, ya gangara ƙasa lafiya lau, tafin ƙafafunsa suna kallon Halilu.

Ranar ko surar da liman ya karanta Halilu bai sani ba.

"Taubashi, an bar ka bisa karaga kai ɗai," in ji Zayyanu suna laluben takalma. "In kawo maka tawa ka aza ƙahwa?"

"Wagga ramar ciwo ce," in ji Halilu. "Koma su duba ka da kyau. Dibi wuya awa na zalɓe."

"Zalɓe dai shina duƙawa shi sha ruwa."

A unguwar ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa ƙofar gida, a zauna a tabarma ɗaya, a ci wannan a jawo wancan. Ƙin sa hannu a kwanon wani cin fuska ne. Kuma kwano ba ya komawa cikin gida da saura, don matar gidan za ta ce an raina girkinta. Abin da jama'a suka bari, mai kwano ne zai share.

Nan Halilu ya ga hanyar mayar da Zayyanu kan kujera. Ya ce wa matarsa Kulsumu daga yau man shanu ya riƙa iyo a kan miya. Ya shiga kawo kan rago, da ƙafar saniya, da kitse. Da an sauke kwanon sai ya tura shi gaban Zayyanu.

"Ci, taubashi. Don kai anka yi."

Zayyanu ya yi loma biyu, ya lashe yatsa, ya ce, "Allah shi yi ma Kulsumu albarka," ya koma kan kwaɗon zogalensa. Ya fita haƙƙin kwano, ba mai cewa ya ƙi. Sauran dattawan kuwa haƙoransu ba su kai na kan rago ba. Sai a bar Halilu da rabin kwano, yana ci yana harara. Kafin a gama sussukar gero, kaftanin da ya ɗinka da Sallah ya ƙi wuce ƙirjinsa.

Kulsumu ta same shi a tsakar ɗaki hannuwa sama, kai a cikin riga.

"Alhaji, wai wa muka kiwo, kai ko Zayyanu?"

"Ja min rigag ga ki bar surutu."

"An ce ramin mugunta a gina shi gajere. Kai ko gajere ne, wa ka hiddo ka?"

Washegari ya fita bayan asuba. Bai bi layin dogo ba, don kada Zayyanu ya ce an kwaikwaye shi. Hanyar Shinkafi ya miƙa. 'Yan kabu-kabu suka hana shi sakat, kowa ya taka birki: "Subhanallahi, Alhaji, lahiya? Hau in kai ka, ko sisi kak ka ba ni." Ya kore su yana numfashi kamar zugazugin maƙeri. Tuwo ya koma malmala ɗaya, rabin kwanon kuwa zogale ne da wake, fura ba sukari. A ciyayya ya koyi loma biyu, ya ce salon nasa ne tun asali.

Akwai safiyar da gwiwa kan ce yau dai a kwanta. Akwai yammar da hayaƙin balangu kan biyo shi har rumfa. Sai ya tuna tafin ƙafafun nan guda biyu, ya haɗiye miyau. Kulsumu ma ta gano linzaminsa. In ya miƙa hannu ƙari, sai ta ce, kamar da bango take, "Suwaiba ta ce mijinta rabin malmala yac ci jiya." Suwaiba matar Zayyanu ce. Hannu ya janye da kansa.

Ana nan Zayyanu ya tafi Dauran jinyar yayansa, ya daɗe. Halilu ya rasa wanda zai harara. Tafiya ta koma yau a yi, gobe a fasa, mai balangu ya sake ganin Alhajinsa. Da Zayyanu ya dawo, dangi sun ɗura masa fura da nono har tumbi ya fara leƙowa. Halilu ya yi kwana guda yana murna. Kwana na biyu ya ga in Zayyanu ya dawo kujera, shi ma ya zauna ke nan har a ɗauke shi a makara. Da asuba ya buga masa ƙofa.

"Hito, raggo. Ni za ka ɓata ma aiki?"

Tun daga nan suke tafiya tare, kuma suna nisa, don ba mai yarda ya fara cewa a juya.

Wata magariba cikin bazara Halilu ya yi raka'a biyu a kujera. A ta ƙarshe, da ya san daga sujada sai zaman tahiya, ba miƙewa, ya zame a hankali, gwiwa tana ƙara, ya kai goshinsa kan tabarma. Ya ji sanyin ƙasa da 'yar tsakuwa tana sukarsa. Liman ya ɗago, jama'a suka ɗago, shi sai da ya ɗan ƙara.

Bayan sallama Zayyanu ya miƙo masa hannu.

"Riƙe abinka," in ji Halilu, idanunsa jajur. "Salon gobe kasuwa duk ta ji kai kat tashe ni."

Ya dafa bango, ya yi nishi, ya miƙe da kansa.

"To barka, taubashi."

"Barkar mi? Kai raka'a ukku kay yi ƙasa, ni guda. Gobe da asuba kak ka sa in jira ka."