Jan Tsumman Baba Birki

Yayana ba ya karɓar gyara. Da bakinsa yake faɗa, har da ɗan taƙama: "Ni ba a koya mini aikina." Ya faɗa wa matarsa har ta mutu, ya faɗa wa masu motocin da ya yi wa aiki. Ni ƙanwarsa kuwa, da na buɗe baki sai ya ce, "To, 'yar boko ta zo da littafi."

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙin tirela, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Da gwiwarsa ta dama ta gaza taka birki, ya ajiye makulli ya dawo ɗakin waje na gidana. Gidan yana kallon makarantar firamare, tsakaninmu da ita babban titi mai gangara. Akwai allon gargaɗi mai hoton yara biyu riƙe da hannun juna, amma tsatsa ta cinye kan ɗaya, kuma wani mai katifa a jikinsa yake jingina hajarsa. Farin zanen tsallakawa kuwa, tun ina da haƙorana duka ya goge.

Kwana uku ya yi a kan benci yana kallon yadda yara ke ratsa motoci kamar 'yan tsaki. A na huɗu ya ɗauko jan tsumman da yake goge sitiyari da shi, ya shiga tsakiyar titi. Ba wanda ya sa shi. Yara suka raɗa masa Baba Birki.

Dokarsa ɗaya ce. A jeru a bakin kwalta, ido a kan hannunsa. In tsumma yana ƙasa, ba mai motsi. Shi zai shiga titi, ya tsayar da na gangarowa da na hawa, sannan ya ɗaga tsumma sama, a tsallaka ba waiwaye. Wanda ya kama yana leƙen hanya ya sha ranƙwashi.

Shugabar makarantar ta same shi har benci. "Baba, mun gode ƙwarai. Amma a aji muna koya musu su duba dama, su duba hagu. Kai kuma kana hana su."

"Malama, kin taɓa tsayar da mota mai buhu ɗari shida a gangara?"

"Ban taɓa ba."

"To riƙe allinki. Ɗan shekara bakwai yana hango tirela can nesa kamar gwangwani, ya ce zai riga ta. Ni daga kukan inji nake sanin nauyinta. Idonsu biyu bai kai kunnena ɗaya ba."

Ni ma na yi magana. Na ce, "Yaya, ranar da ba ka nan fa?"

"Ina zan je? Kin kore ni ne?"

Gaskiya kuma bai taɓa fashi ba. Shekara shida, da ruwa da rana, da gwiwa a kumbure kamar tulu, ba yaron da ya ƙwarzane a titin nan. Direbobi sun zage shi, ya rama da ƙari. Wani mai babbar riga ya taɓa sauke gilashi ya ce, "Tsoho, ka san ko ni wane ne?" Yaya ya ce, "In ka manta, tsaya nan, yara su wuce tukuna sai mu tambaya maka."

Cikin yaran akwai jikata, 'yar ɗana tela. Tana aji biyu. Ta-Gaba ake ce mata, don kullum ita ce a farkon layi, jaka a ƙirji, ido a kan tsumma ko ƙiftawa ba ta yi. Da ita yake yi wa sauran gori. "Ku dubi shugabar layi! Ku kuwa ido kamar na ɓarayin kaji."

Ranar wata Talata aka tashi daga makaranta. Ina ƙofar gida ina jiran ta. Yaya yana gefenmu a bakin kwalta, bai shiga titi ba tukuna, yana jira wata tirela ta gangaro ta wuce. Yara suna can tsallake a jere. Direban tirelar tsohon abokin hanyarsa ne, sun shekara goma suna bin juna. Da ya hango Yaya sai ya danna masa hon irin na gaisuwarsu, gajere biyu, dogo ɗaya. Direba ba ya barin wannan gaisuwa ta faɗi ƙasa. Shekara talatin da ɗaya hannun Yaya yana amsa ta, kuma ranar ma ya amsa. Ya ɗaga shi sama yana dariya. Tsumman yana cikin hannun.

Mai tirelar ya rage gudu don gaisuwar. Wata ƙaramar mota da ke binsa ta gaji da jira, ta fito za ta sha gabansa ta gefen makaranta. Ta-Gaba ta riga sauran da taku uku. Ba ta duba dama ba, ba ta duba hagu ba. Ta yi daidai abin da aka koya mata.

Ba zan faɗi abin da na gani ba. Takalminta ɗaya mai katifa ne ya kawo mini washegari.

'Yan sanda sun riƙe mai ƙaramar motar, kuma ya cancanta. Ba a shan gaban mota a ƙofar makaranta, da allo ko ba allo. Mutanen unguwa duk a kansa suka ɗora laifin. Ba wanda ya lura da hannun Yaya sai ni da yaran, ni kuma na yi niyyar in mutu da shi a cikina. Shi ne ya miƙe a gaban masu zaman makoki, ya dubi ɗana ya ce, "Ni na kira ta. Na ɗaga tsumma ina gaida mutum." Ɗana ya tashi ya shige shagonsa. Daga ranar bai ƙara ce masa Kawu ba, bai ƙara ce masa komai ba.

Ni ban kore shi ba, ban kuma lallashe shi ba. Ina ajiye masa abinci a bakin ƙofa, in ɗauke kwano.

Bayan mako guda ya koma titi, ba tsumma. Ya tsallaka gefen makaranta ya tsaya a bayan yara, hannu a aljihu. "Kai, me ka gani a dama?"

Yaron ya waiwayo yana neman hannunsa.

"Ba ni ba, ɗan nema! Titi! Ni mota ce?"

"Akwai... akwai babur, Baba."

"Bayan babur fa? Leƙa."

Tsallakawar minti biyu ta koma ta rabin sa'a. Iyaye suka yi ƙorafi, wasu suka ce tsufa ya taɓa masa kai. Manyan yaran da suka saba da tsumma sun fi ba shi wahala. Sai ka ga yaro ya kai tsakiyar titi ya tsaya cak, yana waiwayen aljihun Baba Birki. Sai da waɗannan suka gama makarantar aka samu masu kallon hanya da kansu. Bai taɓa ce wa shugabar makaranta ta yi gaskiya ba. Ni ma bai ce mini ba. Halin yana nan, sai dai ya bar cewa ba a koya masa aikinsa.

Shekara huɗu ya ƙara. Da ƙafar ta kwantar da shi gaba ɗaya, shugabar ta zo da iyaye uku, suka tsaya a ɗakin da ke warin man zafi. Suka ce sun samu wani tsohon maigadi da zai karɓi wurin, har sun saya masa jar tuta mai sanda. Ɗana yana tsaye a waje, jikin taga. Bai shigo ba, amma bai tafi ba.

Yaya ya dubi tutar ya ce, "Ku mayar wa mai ita. Abu uku nake roƙo. Kada ku ba shi komai ya riƙe. Ya tsaya a bayan yara, inda ba za su gan shi ba. Ke kuma 'yar boko, tunda kin iya rubutu, ki rubuta a kai tashar manyan motoci: duk wanda ya san maigadin nan, in ya zo ƙofar makaranta, don Allah kada ya gaishe shi."