Damaris Tana Rumbu

Kullum da safe Baba Ishaya yakan shigo shagon cajin waya na Scholastica a unguwar Romi, tallabe da tsohuwar waya a tafuka biyu kamar ɗan tsako. Dogo ne, kunnensa ɗaya ya yi nauyi, wataƙila injinan masaƙar da ya yi wa aiki ne suka cinye shi. Ko an jona wayar ba ya zama, sai ya tsaya yana yi mata fifita da hularsa.

Wani ne ya gaya masa wai in waya ta ɗauke, takan manta komai. Muryar matarsa Damaris kuwa tana ciki, don haka tun rasuwarta bai bar wayar ta ɗauke ba.

Yau ta ɗauke a hannunsa. Ya zube a ƙasa.

"Baba, aikin da wayar take riƙe da shi a hannu ne kawai ke zubewa," in ji Scholastica tana jona caja. "Mama tana rumbu, inda waya ke ajiyarta."

Fuskar wayar ta yi haske. Ta danna, sai ga muryar Damaris.

"Ishaya, ka sha maganinka?"

"Na sha!" ya amsa da sauri. Sai ya raɗa wa Scholastica, "Ban sha ba, 'yata. Kar wannan ya shiga rumbu."

Ya sa hularsa, ya fita da sanɗa.