Tunkiyar da Aka Yi wa Allura

A Kakuri muke zaune lokacin, ana cikin gina masaƙa. Maigidana ya yarda malamin dabbobi ya yi wa 'yar tunkiyarmu allura, don ta ɗauki ciki kafin lokacinta. Bayan sati biyu zazzaɓi ya yi ajalin maigidan nawa.

Da yayarsa ta zo gaisuwa sai ta ce, "Ya shiga hurumin Allah. Ki bayar da tunkiyar nan a yanka ta."

Na ce, "Yaya, in laifi ne, ai ni na riƙe wa malamin ƙafafunta."

A ƙofar ɗakina na ɗaure tunkiyar, ina takaba ina dama mata dusa da kanwa. Na fita takaba da kwanaki ta haihu. Har yau ina kukan mutumin nan, kuma ban taɓa roƙa masa gafara a kan tunkiyar ba.